Baƙin Saƙin Habboba

Tun cikin watan Maris kakata Fatsuma, wadda muke kira Habboba, ta juye mini akwatinta a kan tabarma, ta ce in haɗa mata bargo kafin sanyi ya shigo. Tsofaffin zannuwa ne da guntayen atamfa, wasu ko kyauta aka ba ni ba zan ɗaura ba. Idonta ya riga ya tafi, da yatsa take gani. Ta yi ta lalube har ta zaro wani baƙin ƙyalle mai kauri, saƙin hannu, ta ɗora mini a cinya.

"Wanga na uwata ne, ya bitti, ɗiyata. Da shi ta goyo ni tun daga ƙasar Sakkwato har nan, a ƙafa. Ki sa shi tsakiya. Sauran kuwa, ki yi yadda kin ka ga dama."

Na ce to da ƙarfina, don ni wajen alkawari ba a fi ni sauri ba.

Sai zafi ya sauka a garinmu, Wad Haddad. Wanda bai taɓa riƙe allura a watan Mayu ba kada ya yi mini wa'azi. Gumi ya sa tana zame mini, zare ya jiƙe ya ƙi bin yadi, auduga kuwa tana manne mini a wuya da hannu. In na yi ɗinki taƙi ɗaya a gindin rumfa, sai barci ya kwashe ni. Kullum Habboba ta tambaya ina aka kwana, kullum in ce saura kaɗan, alhali ko kwata ban yi ba.

Ana haka buhun da muke naɗe randa da shi ya yage. A nan duk gida sai an naɗe randa da jiƙaƙƙen buhu, in ba haka ba ruwan sha ya koma kamar na wanka. Na duba ɗaki ban ga komai ba, sai idona ya faɗa kan saƙin. Ga kauri, ga riƙe ruwa. Na ce kwana biyu ne kawai, kafin mijina Almu ya samo wani buhun. Na naɗa, na jiƙa. Ruwa ya yi sanyi ƙarara, har Habboba da kanta ta sha ta sa mini albarka. Wallahi ko kunya ban ji ba ranar.

Kwana biyu suka zama wata biyu. Sai da damina ta faɗi, jikina ya dawo, na je kwance saƙin daga randar. Ya biyo hannuna gutsi-gutsi. Funfuna ta cinye samansa, gara ta gama da ƙasansa. Na zauna a gindin randar na yi kuka, kukan da ba shi da amfani ga kowa.

Maimakon in faɗa mata, sai na hau mota zuwa birnin Madani. Na sayo baƙin yadi mai kauri, na yanka shi siri-siri kamar faɗin saƙi, na harhaɗa, na wanke sau goma, na bubbuga a kan dutse har ya yi laushi. Ɗinkin da na kasa a wata huɗu, tsoro ya sa na gama shi a sati uku.

Bayan la'asar na kai mata. Ta shimfiɗa shi a ƙafafunta, yatsunta suka yi ta tafiya har suka kai tsakiya, suka tsaya. Ta daɗe tana shafawa. Ni kuwa ina durƙushe, ina jira ta kira ni maƙaryaciya in huta.

"Ramla."

"Na'am, Habboba."

"Halas, shi ke nan, hankalina ya kwanta. Ran da za a ɗauke ni, da wanga za ku lulluɓe makarata. Ban gaya ma kawunnanki ba, mantuwa gare su. Ke ni ka bar ma wasiyya, don ke ɗai ke da amana cikin gidan ga."

Ta lalubo hannuna ta riƙe gam, tana jiran amsa.

Na ce, "To, Habboba."