Nuna wa Likita

Azumi tana gyara majanyin da ke rataye da hannun 'yarta Mardiyya na dama sa'ad da nas ta leƙo ta kira su. Datti, uban yarinyar, ya riga su shiga, yana daidaita hula sai ka ce shi za a duba.

Shekarar Mardiyya goma sha ɗaya, kuma tun tana rarrafe gaɓoɓinta a sake suke. An ce jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ne aka halitta mata da laushi, kamar robar tsohon siket. Kafaɗar dama ce ta fi gallaza mata: ta ɗauki bokiti ko ta sa hijabi da sauri, sai ta goce. Maɗorin unguwar Chaza ya ja, ya ɗaure, har ya gaji. Tun zangon karatun da ya wuce yarinyar ke zaune a gida, domin riƙe biro ya gagare ta. Azumi ta yi zaryar asibitin nan har masu gadi sun haddace muryarta, kafin aka sa musu ranar tiyata. Yau duban ƙarshe ne.

Dokta Kemi, likitar ƙashin da ke zuwa daga Abuja, ta yi musu bayani da 'yar Hausarta.

"Za mu tsuke naman da ke riƙe kan ƙashin, mu ɗinke. Amma irin jikin nan yana sake miƙewa. Shi ya sa nake tambaya: tana cire kafaɗar da gangan?"

"Haba likita!" in ji Datti da sauri. "Wa zai so wa kansa ciwo?"

"Kuka take yi in ta goce," Azumi ta ce, kuma iyakar abin da ta sani ke nan.

Likita ta kwance majanyin. So take yarinyar ta taɓa mata inda ya fi zafi.

"Oya, Mardiyya, nuna min."

Yarinyar ta miƙe tsaye, ta dubi ubanta, ta yi wani murmushi da Azumi ba ta san ta da shi ba. Ta sauke kafaɗar, ƙwas, kan ƙashin ya turo fata ta baya. Ta juya hagu, ta juya dama don kowa ya gani, sannan ta girgiza ta mayar da shi. Zufa ta keto mata a goshi, amma ba ta daina murmushin ba.

Likita ta ajiye biro.

"Ba zan yi aikin nan ba. In na ɗinke, da kanta za ta yage shi, kuma na biyu ya fi wuya. Ku kai ta gashin ƙashi, ta daina wannan gaba ɗaya. In tsokar ta yi ƙarfi, sai mu sake magana, ƙila baɗi."

Azumi ta yi magiya har da durƙusawa. Likita ta ɗaga ta, ta ba ta haƙuri, amma ba ta sauya magana ba.

A bakin ƙofar asibiti, inda masu keke ke kiran fasinja, Datti ya balbale yarinyar da faɗa.

"Uban wa ya aike ki? Kin ga abin da kika jawo mana!"

"Baba, ai kai ka ce duk wanda ya ce nuna min, in nuna."

Azumi ta juyo ta zuba masa ido. Kowace Asabar yakan tafi da Mardiyya shagonsa na kayan waya a Madalla, wai ta sha iska. Azumi kuma har gode masa take yi.

"Me take nunawa a shago, Baban Mardiyya?"

"Wasa ne fa," ya ce yana kallon titi. "Kwastomomi ne ke jin daɗi, su ɗan ɗauka a waya. Ita ma ai tana so."

Azumi ta so ta yi ihu kowa ya ji. Sai ta sunkuya tana mayar da majanyin.

Mardiyya ta matso kusa da kunnenta.

"Umma, ban yi da kyau ba ne? Likitar ba ta tafa ba."