Ganyen da Ya Ƙoshi

Duk shekara idan aka zo darasin yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana, Malama Muzdalifa takan shiga ajinta na Tsafe da wani tsohon littafi a jaka. A tsakiyarsa akwai busasshen ganyen wake, wanda baƙinsa ya koɗe tuntuni ya koma ruwan ƙasa. Ba ta cika nuna wa ɗalibai shi ba. Takan buɗe ne ita kaɗai kafin a kaɗa ƙararrawa, ta tuna da Baba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Lokacin tana sabuwar malama a wata makarantar 'yan mata a Gusau, suna zaune a Damba ita da mijinta. Mahaifinta, Baba Abdu, manomi ne a Karakkai tun yana ɗan saurayi. Da Inna ta rasu, gwiwa kuma ta fara ba shi wahala, sai 'ya'yansa suka taru suka ce ya isa haka, ya dawo birni ya huta. Aka ba shi ɗaki mai fanka da katifa mai laushi, aka hana shi taɓa ko tsintsiya. Su a ganinsu gata suka yi masa.

Hutun nan kuwa sai ya zame masa ciwo. Mutumin da a da ake jin dariyarsa daga bakin kasuwar Rawayya ya koma daga ɗaki sai masallaci. Loma uku yake yi ya ture kwano. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba sai tsufa. Muzdalifa ta sauya miya, ta sayo masa rediyo, ta roƙe shi har da hawaye, amma Baba kullum ƙara ramewa yake yi. Tsoro ya cika ta, domin a gaban idonta yake ƙarewa, ita kuma ba ta san inda ciwon yake ba.

Ana cikin haka darasin nan ya zo. Gwajin ba shi da wuya. Za ka kulle shuka a duhu kwana biyu har ta cinye sitacin da ta tara a ganye. Sai ka manna baƙar takarda a tsakiyar ganye ɗaya, ka ajiye a rana. Bayan 'yan sa'o'i ka tsinke ganyen, ka tafasa, ka jiƙa a sifirit mai zafi har korensa ya fita, sannan ka ɗiga ruwan aidin, wanda ke baƙanta sitaci. Inda rana ta taɓa zai yi baƙi, inda takarda ta rufe zai tsaya fari.

Tagar ɗakin gwajin makarantar a karye take, akuyoyin unguwa kuma sun riga sun yi wa shukar farko aski. Saboda haka ta ɗauko waken da ta shuka a tsohon bokitin fenti ta kawo gida, ta tura shi can ƙuryar sito, ta toshe ƙasan ƙofar da buhu. Baba yana zaune a kan tabarma yana kallonta.

"Mi wagga shuka ta yi miki?" ya tambaya.

Daɗi ya kama ta, don an kwana biyu bai fara magana da kansa ba. Ta ce, "Aikin makaranta ne, Baba. Kwana biyu kawai za ta yi." Ya gyaɗa kai.

Ranar Laraba ta yi komai a ƙa'ida. Ɗalibai hamsin da biyu suka kewaye tebur, shugaban sashe Malam Bashir ya tsaya daga baya da hannu a aljihu. Ta shimfiɗa ganyen a farin faranti, ta yi musu alkawarin farin layi a tsakiya, da muryar wadda ta haddace littafi. Ta ɗiga aidin. Ganye ya yi baƙi ƙirin daga kai har gindi, ko ɗigon fari babu.

Ɗalibai suka kalli juna. Can wata Jamila, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ɗaga hannu. "Malama, ke nan shuka ba ta buƙatar rana?" Dariya ta ɓarke. Malam Bashir ya yi gyaran murya ya fita, ita kuwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta dawo gida a fusace, da ganyen a cikin littafi, tana zargin aidin, tana zargin takarda, har da mai sayar da irin. Sai a tsakar gida idonta ya faɗa kan wani zagaye na busasshen laka a siminti, daidai gindin bokitin fenti, a wurin da hantsi ke sauka. Ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, kai ka fito da waken nan?"

"Ni na hidda shi," ya ce, ko gezau. "In kin tahi in hiddo, kahin ki dawo in maida. Ruwa ma na ba shi."

"Haba Baba! Ka san kunyar da na sha yau? So nake ya ji yunwa, shi ne gwajin gaba ɗaya!"

Tsohon ya gyara zama. Ya murza tafin hannunsa, wanda kantar noma ta fara bajewa a kansa. "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ranar hwarko na daure har hantsi. Sai na leƙa na ishe ganyen ya sunkuya. Ni ko na san abin da ɗaki ke yi ma mai rai. Shekara biyu ke nan ina ciki."

Faɗan da ta kwaso tun daga makaranta ya bi iska. Ta zauna a gefen tabarmar ta yi kuka, kukan kunya da na tausayi. Ita da ke koya wa 'ya'yan mutane cewa ganye ba ya rayuwa babu rana, ita ce ta toshe ƙofa da buhu tun kafin wake ya shigo gidan.

Ranar Asabar ta sa aka fasa simintin bayan gida. Baba ya ja kunyoyin shuka huɗu, yana aiki yana hutawa, yana yi wa ƙasar birni tsiya. Ya zama shi ne mai rainon shukokin ajinta. Kowace Juma'a ita tana auna tsayinsu da rula, shi yana aunawa da ɗani, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, su yi ta gardama a kan wanda ya fi daidai. Kwano ya fara dawowa babu saura. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: shukar da za a kulle, a kulle ta a makaranta, inda idonsa ba zai gani ba. Damina biyar ya ƙara a duniya.

Yau ma a Tsafe gwajin ya fito daidai, farin layi ya ratsa baƙin ganye, ɗalibai suka yi tafi. Da suka watse, Muzdalifa ta ɗauki bokitin waken da kanta ta kai shi bakin famfo, inda rana ta fi ƙarfi. Ta zuba masa ruwa, ta durƙusa ta auna shi da yatsunta. Ɗani biyu da ɗan kai. Ta faɗa a fili, kamar yadda ta saba, duk da babu mai yi mata gardama.