Murhun Gawayi a Kicin ɗin Eino

Loretta ta tura ƙofar da kafaɗa saboda ƙanƙara ta riƙe ta, sai ɗumi ya bugi fuskarta. Ɗumin ne ya sa gabanta ya faɗi. Tun da ruwan ƙanƙara ya kayar da falwayoyi aka ɗauke wuta a garin, kuma maƙwabcinta Eino Salmi ba shi da murhun itace. Shi ya sa ma ta tsallako titi da yammacin nan, don ta lallaɓo shi da jikarsa su koma nata gidan. Gidan da ya kamata ya yi sanyi kamar firji, ga shi har tagogi na gumi.

A tsakiyar kicin ta same su. Murhun gashin naman nan mai ƙafa uku da ke zama a bayan gida, tsohon ya jawo shi ciki, gawayi ya yi jajawur. Junie, 'yar shekara bakwai, tana kan kujera cikin bargo, riƙe da tsinken ƙarfe, mashmalo, farar alewa mai laushi, na kumbura a bakinsa.

"Ga 'yar sandar unguwa ta iso," in ji Eino. "Junie, ɓoye cakulan."

"Eino, gawayi ne fa wannan. A cikin ɗaki. Iskarsa na kisa."

"A'a, furanni ne. Ke dai zauna a haɗa maki simos."

Eino irin tsofaffin nan ne da in ka ce masu hadari ya taso, sai su fita shanya don su nuna maka. Duk shekara shi ke kai Junie bakin tafki su hura wuta su haɗa simos, wato gasasshiyar alewa da cakulan a tsakanin biskit biyu. Bana ciwon zuciya ya kwantar da shi har lokacin zafi ya wuce, ya yi mata alkawarin zai rama. Yanzu uwarta, Carla, ta maƙale a wurin aiki saboda an rufe hanyoyi, yarinya na ta kukan sanyi tun safe, sai ya ga ai ga dama ta samu.

Ya zare farar alewar daga tsinken da biskit biyu, ya matse ta a kan cakulan har ta tsatso ta gefe, ya miƙa wa jikarsa. Junie ta karɓa, amma ba ta kai baki ba.

"Kaka, kaina na ciwo."

"Zaƙi ne ya yi maki yawa, acici. Na nawa ke nan?"

A lokacin ne Loretta ta hango ƙararrawar gargaɗin hayaƙin nan da ake mannawa a silin, kife a kan tebur, cikinta a buɗe.

"Ina batirinta?"

"Yana cikin rediyo. Ta dame mu da tsuwa. Ko burodi na gasa sai ta yi ihu, kamar ke."

Loretta ta je ta ɗage tagar da ke saman wurin wanke-wanke, iska mai yanka ta shigo. Ita kanta ta fara jin wani nauyi a goshi. Ta kama hannun murhun za ta ja, ƙarfen ya ƙona ta, tsohon kuma ya tare gabansa da sandarsa.

"Kada ki watsa min garwashi a gida. Ki bari ya mutu, ni da na shigo da shi zan fitar."

"To tashi mu tafi. Na hura wuta, ga miya a kai."

"Gidana ne wannan, Loretta. Na ga sanyin da ya fi wannan tun kina rarrafe."

Sai tsinken ya faɗi ƙasa. Kan Junie ya langaɓe a jikin kujera, idanunta a buɗe amma ba sa kallon kowa. Tsoro ya kama Loretta sosai. Ita ma ba yarinya ba ce, gwiwarta ɗaya ta daɗe da yi mata tawaye, mutum ɗaya kawai za ta iya ɗauka. Ta sungumi yarinyar da bargonta.

"Barci take ji," in ji Eino, muryarsa ta yi nauyi. "Kai ta, ina nan tafe."

"Kada ka rufe tagar nan. Ka ji ni, Eino?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ta bar ƙofar a hangame. Titin ya zama kamar gilashi, bishiyoyi na ta ƙara suna zubar da rassa. Da jan ƙafa ta tsallaka, sau ɗaya ta durƙusa, yarinyar na ƙirjinta. Suna shiga Junie ta fara amai. Loretta ta riƙe mata goshi da hannu ɗaya, ta kira masu agajin gaggawa da ɗayan. Matar da ta ɗauka ta ce mota na hanya, amma bishiyoyi sun faɗi a titi, sai an sare su. Ta ce kada a bar yarinyar ta yi barci.

Haka Loretta ta zauna tana jijjiga ta, tana tambayarta sunan malamarsu da sunan karensu, har idon yarinyar ya dawo, ta nemi ruwa. Sai a sannan Loretta ta ɗaga kai ta dubi gidan da ke tsallake. An rufe ƙofar. An sauke tagar.

"Zauna nan, kada ki kwanta. Ki yi ta min waƙa da ƙarfi, ina jin ki," ta ce wa Junie, ta sake tsallaka titin.

Bai sa sakata ba, Eino bai taɓa sawa ba. Ta cika ƙirjinta da iska ta shiga. Yana zaune a kujerar da jikarsa ta bari, ya ja ta kusa da murhun, haɓarsa a ƙirji, fuskarsa ta yi ja kamar wanda ya dawo daga yawo cikin sanyi. Rediyon na ta bayanin yanayi. Ta kama hannunsa ta ja, ya zame ƙasa, ta yi ta jan sa da baya har bakin ƙofa. A kan matakala ta danna ƙirjinsa, ta kira sunansa, ta zage shi, ta ƙara dannawa har hannayenta suka ƙi. Ta san ya tafi tun kafin ta daina.

Ta cire rigar sanyinta ta rufe shi. Babu jiniya, babu kowa a titin.

A ƙofar gidanta ta tsaya. Daga ciki muryar Junie na fitowa, siririya, tana maimaita baiti ɗaya saboda shi kaɗai ta iya. Loretta ta kai hannu za ta murɗa ƙofa, sai ta ji yatsunta na mannewa. Alewar da ke hannun tsohon ce. Ta sunkuya ta ɗebi ƙanƙara tana gogewa a hankali, sanyi ya sa alewar ta ƙara daskarewa, yarinyar kuma ta sake ɗauko waƙar daga farko.