Jajayen Layukan Barau

… kuma duk ja ne. Daga sama har ƙasa, ja. Lirwanu yana jan shafin yana sauka, ko zai ga layi ɗaya da ya tsira. Babu. Haka kwamfuta take nuna gyara: abin da za a cire ja, abin da zai maye gurbinsa kore. Ja na amininsa Barau ne. Koren kuwa na wani Yusufu ne, ɗalibi a can ƙarshen arewacin Turai, wanda bai taɓa ganin Gummi ba ko a mafarki.

Janareton shagon yana tari kamar tsohon mai asma. Hadari ya haɗo ta gabas, in ruwan nan ya sauko modem ɗin da ke kawo intanet ya tafi hutu ke nan sai gobe. Azumi kuma ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yau ne ko babu.

Zawali — sunan da Barau ya raɗa wa manhajar tun suna ɗalibai, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Ka ba ta sunan garinku, ta lissafa maka lokutan salla. Shi ke nan aikinta. Barau ne ya nace a bar cikinta a buɗe, kowa ya gani, ya ɗauka, ya gyara, ba ko sisi. Lirwanu ya so a sayar, har sun kwana biyu ba sa ga-maciji. "Rijiyar bakin hanya ta, wa ka sa mata kwado?" Haka Barau ya ce, yana suɗe cokali. Ɗan banzan taurin kai … Allah ya ji ƙanka, Barau.

Komai ya gama ai. Ya sauya lambar fitowa daga ta biyu zuwa ta uku. Ya rubuta bayanin abin da ya canja. Ya gwada Gummi, ya gwada Anka, ya gwada Bukkuyum da Makka, lokuta sun fito daidai. Ya ƙulle kayan a ƙunshi guda, saura ya ɗora a intanet ya sanar da jama'a. Maɓalli ɗaya. Yatsa ɗaya. To me ya riƙe yatsan?

Inna.

Zauren gidansu Barau a Bukkuyum, daminar bara, kwana uku da babur ya zame da shi a hanyar Anka. Tabarmi jiƙe, ƙamshin gumba. An shigar da Lirwanu ciki ya gaida mahaifiyar Barau, ta kama hannun rigarsa ta ƙi saki. "Lirwanu, bai bar ɗiya ba, bai gina masallaci ba. Mi za ya bi shi?" Shi kuma bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce Inna, ya bar ilimi mai amfani. Duk wanda ya duba abin da ya rubuta ya tashi ya yi salla, ladan na isa kabarinsa, har a ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Ta saki rigar. Ranar ta fara cin abinci, in ji ƙannen Barau.

Magana zarar bunu. Wa ya aike shi? Shi ba malami ba, mai buga takardu ne da hoton kwafi a bakin tasha. Amma ai ba ƙarya ya yi ba … ko?

Tun ranar, ko yaushe ya je, kafin ruwa, kafin gaisuwa ta ƙare: "Har yanzu ana salla da abin nai?" Ana yi, Inna. Sai ta shafa fuska, ta ɗaure masa gyaɗa a leda.

Ga saƙon Yusufu nan a buɗe a ɗaya gefen, Turancinsa a karye kamar na Lirwanu, cike da ladabi. Wai a garinsu lissafin alfijir yana makara. Zawali tana cewa da sauran dare, alhali gari ya fara haske. Bara mutanen masallacinsu da takardar Zawali suka yi sahur. Suna ci, alfijir ya keto. Bai yi zargi ba, bai yi gori ba, sai ma addu'a da ya yi wa wanda ya rubuta. Bai san ya rasu ba. Ya zauna ya sake rubuta sashen lissafin gaba ɗaya, ya aiko kyauta.

Da faci ne ƙarami, irin na mai gyaran taya, da an liƙa an wuce. Lirwanu ya gwada. Sati nawa yana neman dabarar da zai bar ko rabin layukan Barau, ya ɗora gyaran a kai? Ya taɓa nan, can ya ɓalle. Ginin ne tun daga tushe aka yi shi don ranarmu, wadda take fitowa ta faɗi a kan lokaci kamar ma'aikaciyar kirki. Barau bai taɓa wuce Kaduna ba. Ina zai san akwai inda rana take wasa da mutane?

Kuma na Yusufu ya fi kyau. Abin da ke ci masa rai ke nan. Ya fi tsabta, ya fi gajarta. Da Barau na nan da ya buga tebur ya ce kai, wannan yaro shege ne, sa nashi! Da dariya zai goge nasa da hannunsa. E, da hannunsa. Mai abu ya yar da abinsa daban, wani ya yar masa bayan ba ya nan daban.

Sunan Barau na nan a saman manhajar fa. Ba wanda zai taɓa shi. Lirwanu ya ƙara "Allah ya gafarta masa" a gefe, da Hausa, ko Turawa sun gane ko ba su gane ba. Amma lada suna take bi, ko aiki? In mutum ya haƙa rijiya, ta rufta, wani ya sake haƙa ta a wurin, ya sa sabon baki, sabon guga … ruwan wa ake sha? Ya so ya tambayi liman ranar Juma'a. Ya tsaya har aka watse, ya rasa ta inda zai fara. Malam, akwai wasu layuka a cikin kwamfuta — a'a. Ya gaishe shi kawai ya wuce.

A bar lissafin Barau yadda yake mana. Wa zai sani? A Gummi daidai take. A Anka daidai, a Sakkwato daidai, duk inda Inna ta taɓa jin sunansa daidai take. Mutum nawa ne a masallacin su Yusufu? Su ɗauki nasu gyaran su yi gaba, ai don haka aka bar ta a buɗe. Su raba gari, kowa ya kama nasa …

Sai wani a wani garin mai irin ranarsu ya sauke ta Barau. Bai san Yusufu ba, bai san komai ba. Ya buga takarda ya manna a bangon masallaci. Wata tsohuwa kamar Inna ta duba, ta kai loma baki, gari ya waye.

Lirwanu ya janye hannu daga tebur. Bai taɓa juya maganar ta wannan fuskar ba. Shekara guda yana gaya wa tsohuwa abin da ke gangarawa kabarin ɗanta, bai taɓa tambayar kansa ko hanyar lada kaɗai take ɗauka ba. Bara Barau bai sani ba, ba wanda ya sani, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Bana fa? Bana an sani. Lirwanu ya sani. In ya bari, azumin mutanen nan a wuyan wa? Ba na Barau ba. Nasa. Shi da ya ce yana tsare wa mamaci lada.

Tsoro ya kama shi, tsoro sosai, da kunya a bayansa.

Bismillahi. Ya danna.

Ɗan layin nan mai nuna tafiyar kaya ya fara rarrafe. Iska ta bugo ƙofar shago, takardun kwastomomi suka tashi, bai bi su ba. Yafe mini, Barau. Ko kuwa ba abin yafewa? Kai ka ce rijiyar bakin hanya ce. Kai ka ce. Jibi zai je Bukkuyum da takardar lokutan azumi kamar yadda Barau ya saba kai mata, ta sa jika ya karanta mata. Lokutan ba za su bambanta da na lissafin Barau ba ko kaɗan. Za ta kama rigarsa. Har yanzu ana salla da abin nai? Zai buɗe baki ya ce … ana yi, Inna? Ana yi da abin da ya fara? Da sunansa? Wace kalma ce ba ƙarya ba, kuma ba za ta hana tsohuwa cin abinci ba?

Layin ya kai rabi. Ya wuce rabi.

Ladanin masallacin tasha ya gyara murya, la'asar. Takardar da yake dubawa tana nan manne a jikin ginshiƙi, ta yi ruwan ƙasa, Barau ne ya buga ta da kansa a wannan injin. Allahu akbar … daidai kan lokaci, kamar kullum.

Ɗigon farko a kan kwano. Na biyu. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Fitilar modem ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Layin ya tsaya cak. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo: kaya ba su isa ba, a sake gwadawa ko a fasa?

Sau ɗaya ya tara ƙarfin nan, ya zaci sau ɗaya ake bukata. Ga jajayen layukan suna nan a bayan akwatin, ba abin da ya same su, har yanzu da su duniya take salla. Ladan ya kai hayya alas-sala. Yatsan Lirwanu na kan maɓalli, ya yi nauyi kamar ba nasa ba, kuma dole sai ya sake …