Tururuwa a Cikin Ludayi

Shekara talatin Adda tana gwada nonon masu jego a rugarsu da ke kusa da Sule Tankarkar, ba wanda ya taɓa ja da ita. Gwajin ba shi da wuya. A tatsa a ludayi, a jefa tururuwa. In ta iyo ta fita, a ba jariri mama. In ta mutu, nonon yana da dafi, sai a koma wa na akuya. Wurin kakarta ta gaje shi, kuma Adda ba ta wasa da abin gado. Ko ma'aikaciyar asibiti ce ta zo da farar rigarta, kallon 'yar jiya take yi mata.

Sai ga shi gwajin ya faɗa kan Khairiyya, 'yarta ta cikinta, har sau uku. Ɗan fari, Abdulfatah, ya yi wata biyu yana shan na akuya, gudawa ta ɗauke shi. Ta biyun ko arba'in ba ta kai ba. Na uku, Anas, yanzu yana da wata ɗaya da 'yan kwanaki a gidan mijinta a Maigatari. Adda ce da kanta ta je ranar haihuwar, ta jefa tururuwar, ta ga ta miƙe ƙafafu, ta ce a raba shi da ƙirjin uwarsa.

Wata hantsi ta kai man shanu Gumel, gidan Hajiya Larai da ta daɗe tana saya a wurinta. Ta tarar ana kallon wani shiri a talabijin, inda wata likita da samari biyu ke ɗauko abin da mutane suka yi imani da shi su gwada a idon kowa. Adda ta taɓe baki ta ce in ɗan boko ya ƙoshi ba abin da ba ya tonowa. Ba ta rufe baki ba ta ga an jera ludayi biyar a kan tebur.

Uku nonon mata ne masu goyo, ɗaya na saniya, ɗaya na akuya. Kowanne aka zuba masa tururuwa goma. A kowanne wasu suka fita, wasu suka mutu. Aka sake, aka kuma sakewa. A na akuya, wanda ita take bayarwa a matsayin tsira, bakwai suka mutu. Likitar ta ce nutsewa kawai suke yi, ba wani dafi. Sannan aka nuno matar da nononta ya fi kashe tururuwa, tana dariya da ɓulɓul ɗin ɗanta a cinya.

Adda ta miƙe zumbur. Ko ƙwaryarta ba ta ɗauka ba ta nufi tasha. Duk tsawon hanyar Maigatari kuka take yi, fasinjoji na ba ta haƙuri, sun ɗauka rasuwa aka yi mata.

Ta sami Khairiyya a tsakar gida tana ɗura wa Anas madara da ƙaramin cokali. Yaron duk ya zube, sai idanu.

"Ajiye cokalin nan," in ji Adda. "Ba shi mama."

"Inna, kin manta ne?"

"Nononki lafiyarsa ƙalau. Gwajin ne ba gaskiya ba. Da idona na gani yau, ko a na akuya mutuwa suke yi."

Khairiyya ta ajiye cokalin. Sannan ta ɗaga riga a hankali ta sa masa. Anas ya kama da sauri, ya ja, ya sake ja, ya saki ya fashe da kuka. Ta juya shi ɗaya gefen. Ta matsa da yatsunta har ta cije leɓe, ko ɗigo bai fito ba.

"Ya ƙafe," ta ce. Muryarta ba ta ɗagu ba. "Sati uku ina tatsewa ina zubarwa a bayan ɗaki. Yana kuka, rigata tana jiƙewa, ina juya masa baya don kada in kashe shi."

Adda ta durƙusa a gabanta. Ta fara cewa a tafi asibiti yanzu, ƙila suna da dabara.

"Za mu je," in ji Khairiyya, tana jijjiga yaron. "Amma gaya mini tukuna, Inna. Su Abdulfatah fa? Da sun sha, da yanzu suna nan?"