Takalmin Ciyawa daga Koriya

Hajiya Hansai mai daddawa ta Zongon Wagadugu ta rantse gaban maƙwabta ba za ta ci abincin Koriya ba. Da ɗanta Baha'uddeen, wanda ke karatu a can, ya aiko mata da tikiti, sai ta cika jaka da kilishi da yaji.

Kwananta uku a Koriya, ya kai ta wani ƙauyen gargajiya. Ta dubi ɗakunan jinka da randunan da aka jera a tsakar gida, ta riƙe haɓa.

"Baha'u, wannan ka ɗauko ni a jirgi in gani? Ai ko a bayan unguwar Wemtenga a Wagadugu akwai."

Sai wata tsohuwa ta buɗe randa ɗaya. Warin ya daki hancin Hansai, ta tsaya cak.

"Wallahi daddawa ce!"

"Ta waken soya ce, Inna."

Ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, ta sake ɗanɗanawa. Bayan ya tabbatar mata babu alade, ta ci shinkafa da ganye da kabeji mai barkono. Tsinken cin abincin ya gagare ta, ta nemi cokali, ta kuma nemi ƙari.

A wata rumfa wani dattijo na koya wa baƙi saƙa takalmin ciyawa. Ta zauna kusa da shi, ba Hausa ba Koriyanci, tana ma gyara masa hannu. Ya yi ta dariya, ya bar ta da abinta.

Da ta dawo Zongo, yayarta Murja ta zo sannu da zuwa, ta ɗaga takalman ciyawar da Hansai ta zo da su, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da yatsa uku.

"Haka suke yin su can, Yaya," in ji Hansai.

"To! Mutanen Koriya ƙafarsu ba daidai take ba ke nan?"

Murja ta ciro waya. Ashe Baha'uddeen ya turo wa dangi bidiyo: ga Hansai nan ta ciji leɓe tana saƙa, dattijon na girgiza kai.

Hansai ta kalla har ƙarshe, ta ce a maimaita mata. Ranar Juma'a ta ba Murja babban takalmin, ta riƙe ƙaramin, ta ce kowa ta rataye nata a ɗaki.