Addu'ar da Na Hana Suwaiba

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma na san abin da ya jawo mini shi. Kwana shida ke nan da 'yata Suwaiba ta bi 'yan ajinsu hawan dutsen Gangirwal, wai neman wasu tsirrai da ba sa fitowa sai can sama. Na ce ciyawar bayan gidanmu ma ba ta gama saninta ba. Uwarta ta sa baki na bar ta, amma ranar tafiyar ko ƙofar gida ban taka mata ba. Ta durƙusa tana yi mini sallama, na ƙara muryar rediyo. "Allah ya kiyaye hanya" ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Tun ranar kuwa wayarta ba ta shiga.

To, sai ga ni a gindin dutsen da rana tsaka, da silifas ɗin banɗaki a ƙafata. Akwai ofis a wurin. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune yana cinye takardun da aka kawo masa ya sa hannu. Ya ce su a nan ba sa auna jaka, abin da mutum ya haɗiye suke aunawa. Na yi tari, addu'ar ta faɗo kan sikeli, nauyinta ya kai na turmi.

"Kai ne baban mai tsirran nan?" in ji bunsurun. "Tana can sama. Wanda ba a yi wa addu'ar hanya ba, ba ma shimfiɗa masa hanyar saukowa."

Na naɗe hulata na yi gammo, na ɗora addu'ar a ka.

Rana ta farko ruwa ya tsuge daga ƙasa yana hawa sama. Matafiya suka juya lemarsu suka tsaya a ciki. Ni da ba ni da lema, wandona ya jiƙe sharkaf, kaina kuwa a bushe.

Rana ta biyu wata tsohuwar tsamiya ta ce bari ta taka mini. Muka yi tafiyar rabin wuni muna hirar tsadar taki. Da ta juya, na ga rashin kunya ne in bar babba ta koma ita kaɗai, sai na raka ta har gindinta. Ta sake rako ni, na sake mayar da ita. A karo na uku ta tsaya ta dube ni.

"Malam Ɗanjuma, ka iya raka itace, ka kasa raka 'yarka?"

Gaskiya ɗaci gare ta.

Rana ta uku dutsen ya gaji, ya zauna ya miƙe ƙafa, muka jira ya huta. Nan ne gwiwoyina suka nemi izinin komawa gida. Na ce su gaida mutan gidan, na ci gaba ba su.

Rana ta huɗu na kai ƙololuwa. Faɗin wurin bai fi ɗakin girki ba. Ga Suwaiba zaune tana watsa wa gajimare tsaba, sanyi ya farfasa mata leɓe. Ga hanyar saukowa naɗe kamar tabarma, an jingine ta da dutse, wata akuya na gadinta.

"Baba, sannu da hanya. Ka ci abinci kuwa?"

Ko ɗigon fushi babu a muryarta, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na sauke kayana. Addu'ar da ta kusa karya mini wuya ta koma ƙwayar gero guda, iska na neman tafiya da ita. Na damƙe ta na jefa a baki. Akuyar na ganin haka ta ɗauko hanyar ta fara kaɗe ta a jikin dutse, fab, fab, fab. Na buɗe baki zan faɗa, sai na farka.

Gari ya waye, amma ƙarar ba ta tsaya ba. Na leƙa tsakar gida. Suwaiba ce ke buga takalmanta da bango tana kaɗe busasshen taɓo, ashe motar sassafe ta biyo. Ta rame, ta yi baƙi, ƙafafunta biyu cif. Wani sanyi ya ratsa ni, na yi hamdala. Na fita ba hula, na tsaya a kanta.

"Allah ya kiyaye hanya, Suwaiba."

Ta ɗago da takalmi a hannu tana dariya. "Baba, ai na dawo."

"Na gani," na ce. "Ki riƙe ta dai. Taki ce, ta daɗe a wurina."